Muhawara: Shin sojan mamaya yana cikin waɗanda yaƙi ya cutar?

Malamin tarihi: Assalamu alaikum. Har yanzu ina nan kan bakata cewa sojan da ya shiga ƙasar wasu ya zauna da ƙarfin bindiga bai cancanci a lissafa shi tare da waɗanda yaƙi ya cutar ba. Shi ya zo da makami, yana da albashi da asibiti da jirgin da zai mayar da shi gida, alhali mai ƙasa ba shi da inda zai nufa. A Iraƙi, daga Maris 2003 zuwa Disamba 2011, Amurka ta rasa sojoji kusan 4,500, kuma an san sunan kowannensu da ranar da ya mutu. Farar hula kuwa, ƙungiyar Iraq Body Count ta tattara bayanan fiye da 100,000 da aka kashe, yayin da binciken mujallar Lancet na 2006 ya ƙiyasta ƙarin mace-mace kusan 655,000, adadin da aka daɗe ana jayayya a kansa. Wannan tazara kanta hujja ce, domin tana nuna wanda ake ƙirga gawarsa da wanda ake kintata tasa.

Tsohon hafsan soja: Wa alaikumus salam. Malam, ban musa alƙalumanka ba, amma ka ɗaure wanda ya yanke shawarar yaƙi da wanda aka tura da igiya ɗaya. A yaƙin Aljeriya na 1954 zuwa 1962, yawancin sojojin da Faransa ta aika samari ne masu aikin soja na tilas, ba a tambayi ra'ayinsu ba, kuma kusan 25,000 daga cikin sojojinta suka mutu. A birnin Stalingrad na Tarayyar Sobiyet, a Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Jamus kimanin 91,000 suka miƙa wuya a farkon 1943, waɗanda suka koma gida ba su wuce 6,000 ba. Shi ma wanda jirgin ya mayar gida ba lafiya ya koma ba. Wani bincike na jami'ar Brown ta Amurka a 2021 ya ƙiyasta cewa sojojin Amurka na yaƙe-yaƙen bayan 2001 da suka kashe kansu sun haura 30,000, wato sun ninka waɗanda suka mutu a fagen daga har sau huɗu. Idan wannan ba cutarwa ba ce, mene ne sunanta?

Lauya: Yallaɓai, doka ta ba kowannenku rabin gaskiya. Yarjejeniyar Jeniba ta uku ta 1949 ta kare sojan da aka kama, ko da shi ne mai mamaya, saboda haka barin fursunan yaƙi ya mutu da yunwa laifi ne. Amma ta huɗu ta ɗora wa mai mamaya nauyin da ba ta ɗora wa mai ƙasa ba: sashe na 55 ya wajabta masa samar da abinci da magani ga jama'ar da ke hannunsa, sashe na 33 kuma ya hana hukunta jama'a baki ɗaya saboda laifin mutum guda. Batun "umarni aka ba ni" kuwa, kotun Nuremberg, wadda ta yi wa shugabannin Nazi na Jamus shari'a bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta ƙi karɓarsa a matsayin abin da ke wanke mutum, sai dai a sassauta masa hukunci. A ƙauyen My Lai na Biyetnam, ranar 16 ga Maris 1968, sojojin Amurka sun kashe ɗaruruwan mata da yara da tsofaffi, amma a ranar ce matuƙin jirgi mai saukar ungulu Hugh Thompson ya sauka tsakanin 'yan'uwansa sojoji da mutanen ƙauyen ya ceci wasu. Tun da shi ya iya ƙi, sauran ma suna da zaɓi, komai ƙanƙantarsa.

Likita: Ina ganin duk kun tsaya a kan harsashi, alhali a yaƙe-yaƙe da dama ba shi ne ke kashe mafi yawan mutane ba. Ƙawanyar da sojojin Jamus suka yi wa birnin Leningrad na Tarayyar Sobiyet a Yaƙin Duniya na Biyu ta ɗauki kwana 872, kuma yunwa da sanyi ne suka kashe mafi yawan dubban ɗaruruwan da suka mutu. Idan wutar lantarki ta yanke, famfo ya ƙafe, allurar rigakafi ta lalace, sai gudawa da ƙyanda su shiga yara, mace mai naƙuda kuma ta rasa mai yi mata tiyata. Ba a cika rubuta waɗannan a lissafin yaƙi ba. Misalin da ya fi damuna shi ne Agent Orange, gubar da aka fesa a dazukan Biyetnam, wadda ta shafi wanda ya fesa da wanda aka fesa wa. Tsoffin sojojin Amurka sun sami sulhun dala miliyan 180 daga kamfanonin da suka haɗa ta a 1984, amma ƙarar da 'yan Biyetnam suka shigar a wata kotun New York an kore ta a 2005. A wurina dukansu majinyata ne, sai dai ɗaya yana da gwamnatin da zai kama, ɗayan ba shi da ita.

Malamin tarihi: Hajiya, kin ƙarfafa mini gwiwa ba tare da kin yi niyya ba. Yallaɓai kuma, na yarda mutuwar fursunonin Stalingrad abin tausayi ce, amma runduna ta shida ta Jamus da aka kama a can ita ce ta taimaka wa dakarun SS, wato dakarun jam'iyyar Nazi, a kwarin Babi Yar, kusa da Kiyef, inda aka harbe Yahudawa fiye da 33,000 cikin kwana biyu a Satumba 1941. Ina jin nauyin in sa su a shafi ɗaya da mutanen da ke cikin wannan kwari.

Tsohon hafsan soja: Malam, ban roƙe ka ka sa su a shafi ɗaya ba, roƙona shi ne kada ka yage nasu shafin. Da yawa daga cikin waɗanda suka daskare a Stalingrad ba su kasance a Kiyef ba, wasu ma a 1941 ba a riga an ɗauke su aikin soja ba. Su wane lissafi za ka kai su?

Lauya: Yallaɓai, kotu mutum ɗaya-ɗaya take tuhuma, don haka wanda ba a same shi da laifi ba fursuna ne mai haƙƙi. Amma Malam ba hukuncin kotu yake tambaya ba, tambayarsa ita ce wa ya fi cancantar a tuna da shi, kuma babu sashen yarjejeniyar da ya yi magana a kan wannan.