Musayar Waƙa: Gadar Sama a Mararraba

Direban Asuba:
Salamu alaikum. Jiya injin motata ya yi zafi a mararraba, ni ma na yi. Na ji an fito da taswirar gadar sama, shi ne na ɗauko biro. Mai amsawa ya biyo ni da amsa-amon "wa".

Na bar gida tun gari bai gama wayewa ba,
Ga hantsi ya dubi ludayi, babu motsawa.

Ƙafa a kan birki, hannu a kan oda,
Mai na ƙarewa, haƙuri ma na ƙarewa.

Danja ta ba da kore sau uku ina kallo,
Ban yi taku goma ba ta sake juyawa.

Ku zo ku tona, ku kafa ginshiƙanku,
Mai miƙewa ya bi sama, ba mai tsayawa.

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ba na ƙin gada, da ita na ci abinci.

Ɗana, ka sha zafi, na kuwa tausaya maka,
Amma a ƙirga tukuna kafin a hau zanawa.

A zauna bakin titi da takarda safe da yamma,
Mota nawa ke miƙewa, nawa ke ratsewa.

Layi guda na babban titi, a awa guda,
Mota dubu biyu ko kusa yake kwashewa.

Akwai zubin nan mai madauki guda huɗu,
A 1929 Amurka ta fara buɗewa.

Aibinsa, mai hawa da mai shirin sauka,
Guntun layi ɗaya suke ta rabawa.

Wannan ya kutso dama, wancan ya nemi hagu,
Saƙa suke da juna, nan ake gwabzawa.

Kan gada lafiya lau, ka dubi gindinta,
Inda take juye kaya, can ake cijewa.

Ka zuba layi huɗu cikin titi mai biyu,
Mazurari ka ƙera, a wuya yake shaƙewa.

Uwar Biyu:
Baba Injiniya, a gafarce ni, na gaji da "wa" ɗin nan. Ni a ƙafa nake, zan bi "ya".

Kun ƙirga mota, wa ya ƙirga ƙafafu?
Ga 'yata da jakar littafi a bakin hanya.

Dā danja ke tsayar mata da su ta wuce,
Motar da ta gangaro daga gada ba ta da kunya.

Gadar ƙafa in an yi ta, can nesa ake kai ta,
Matakala kamar tsani, tsohuwa ta sha wuya.

Mai keken guragu da me zai hau sama?
Ku duba taswirar ku faɗa mini gaskiya.

Gidan da jan fenti ya hau bangonsa,
Kafin katafila ta iso a biya shi diyya.

Hanyar ƙarƙashi in ba injin zuƙe ruwa,
Ruwan dare ɗaya ya maishe ta rijiya.

Ɗalibar Tsara Birane:
Sannu Anti, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Yaya Direba, kar ka yi fushi, abin da muke karantawa ne.

Yaya, ga labari daga Hustan ta Amurka,
Titin Katy aka buɗa don ya wadata.

A 2008 aka gama, wani wurin layi 26
Har da na gefe, kowa ya ce an huta.

Shekaru kaɗan sai ga cunkoso ya komo,
Tafiyar safe da yamma ta ƙara tsawaita.

Mai sammako ya ga sarari ya koma barci,
Mai hawa bas ya ga fili ya sayi mota.

Gidaje suka bazu can bayan gari,
Kowa ya dogara da titi, titi ya ƙuntata.

Braess, Bajamushe masanin lissafi,
Tun 1968 ya zauna ya rubuta:

Sabuwar hanya, in kowa ya bi son ransa,
Tana iya sa tafiyar kowa ta lalata.

Seul ta Koriya kuwa a 2003 ta rusa gadar samanta,
Rafi ya fito inda dā aka shimfiɗa kwalta.

Direban Asuba:
To fa! Yarinya ta zo da kundi.

Ƙanwata, karatunki ya yi, na sara miki,
To ni a bar ni a danja har tsufa ya iso?

Tirelar da ke gabana ba garin ta zo ba,
Wucewa take, me ya haɗa ta da cunkoso?

Tsohon Injiniya:
A nan kam ɗana ya fi ki gaskiya, 'yata. Mai wucewa da mai shiga gari ba su da dalilin haɗuwa a danja ɗaya, raba su shi ne aikin gada. Abin da gada ba ta iyawa shi ne rage yawan motoci.

A ɗaga mai wucewa ya bi ta sama,
Na yarda, wannan aikin gada ne tabbas.

Amma a tsakiya a ware layi guda,
A kange shi da kankare, a bar wa bas.

Bogota ta Kolombiya ta yi haka a shekarar 2000,
Mai bas ya wuce, mai mota na kallo, ba fargaba ko tas.

Baitin ƙarshen nan ya ɗingisa, na sani. Tsufa ne.

Uwar Biyu:
Baba, baitinka ya ɗingisa, kuma ba ka amsa mini ba,
Ta ina 'yata za ta tsallake hanya?

Tsohon Injiniya:
Kin kama ni. A ƙasa, daidai inda mutane suka saba tsallakawa, da danja tata da tudun tsayawa a tsakiya. Ki je ranar jin ra'ayin jama'a ki sa yatsa a kan taswirar, kafin a zuba kankare. Bayan an zuba, ko ni ba a saurarena.

Direban Asuba:
Ni ma zan je, Hajiya, in rage miki hanya,
In dai mun fita da wuri mun samu wucewa.

Tambayata ɗaya: ran da aka rufe mararraba,
Har a gama ginin, ta ina za mu riƙa ratsewa?