Pelet, garanule ko tsabar wuta? Neman suna ga murhun da ke yawan mutuwa

Mai gyaran kuran, unguwar Zariya: Salamu alaikum. Murhun nan mai cin ƴan guntayen garin katako da inji ya matse ya fara shigowa Maradi, galibi tsoho daga Faransa da Italiya, masu kiwon kaji na ɗumama ƴan tsaki da shi a hunturu. Ƙorafin kullum ɗaya ne: yana mutuwa da kansa. In aka kira mu a waya ba a fahimtar juna, wani ya ce pelet, wani garanule, wani "abin cikin nan mai juyawa". Malamai, a samo mana suna, na makamashin da na kayan cikin.

Malamin Hausa, Tibiri: Wa alaikumus salam. Kafin suna, a kwatanta shi. Da me ake yi, yaya girmansa?

Mai gyaran kuran: Kaurinsa milimita 6, wani 8, tsawonsa bai wuce santimita 4 ba. Ba a sa masa gam. Zafi da matsin inji ne ke narkar da ƙaron da ke cikin iccen ya riƙe shi, shi ya sa mai kyau yake sheƙi. Damshinsa kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Buhun Turai kilo 15 ne.

Maƙeri, Bagalam: To ai dunƙule ne, ko curi.

Malamin Hausa: Baba, curi da dunƙule da hannu ake yinsu, kuma curin gawayi ya riga ya ci sunan. In ka aiki yaro sayen curi, ƙaton abu zai kawo maka wanda ba zai shige bakin murhun ba. Ƙwaya ta dace da girman, amma kowa ya san inda hankali ke zuwa in an ce ana sayar da ƙwaya. Pelet kuwa masu abincin kaji da kifi sun riƙe shi, kuma mai murhun shi ne mai kajin, za a ruɗe. Ni tsaba na gani: abu ne da ake aunawa, a zuba a buhu, yana kwarara kamar hatsi. Tsabar wuta.

Mai kiwon kaji, Jiratawa: Malam, me ya hana tsabar icce?

Malamin Hausa: Hajiya, don ba icce kaɗai ake matsawa ba. Ɓawon gyaɗa da karan hatsi duk ana yi da su, kuma su ne muke da su a nan. Wuta ta haɗa duka. In ana son bambancewa sai a ce tsabar katako, tsabar ɓawo, tsabar kara. Murhun kuma murhun tsaba.

Mai gyaran kuran: Na karɓa, don sunan ma yana koyar da gyara. Abin da ke ɓata hatsi shi ke ɓata ta: damshi da gari. In ta sha raɓa ko buhun ya kwana a kan siminti, sai ta kumbura ta koma dusa, ta cushe ƙarfen da ke tura ta. Alamarsa, harshen wuta ya riƙa raguwa har ya mutu alhali ma'ajiyar tsabar cike take, motar da ke juya ƙarfen na gurnani amma ba abin da ke faɗowa. A cire filogi, a kwashe tsabar duka, a zuƙe garin da ya taru a gindi, a duba ko ƙusa ko tsakuwa ta maƙale. A riƙa tankaɗe gindin buhu kafin a juye. Gwaji mai sauƙi: a karya guda. Mai kyau na karyewa ƙas, mai damshi na marmashewa.

Maƙeri: Ma'ajiyar nan ta sama a ce mata rumbu, tunda tsaba ke ciki. Ƙarfen mai murɗi fa? Masu gareji na cewa bis.

Malamin Hausa: Bis kowane sukuru ne, har na marfi. Aikin wannan turawa, sai mu ce maturi. Rumbu ya zauna. Kwanon ƙarfe mai huji-huji da tsabar ke ci a ciki, kasko.

Maƙeri: A kaskon nan nake da magana. Dutsen da ke daskarewa a gindinsa ya toshe hujojin, Faransawa na ce masa mashefer, mu tun kakanni kashin maƙera muke kiransa. Toka ce ta narke ta haɗe. Tsabar katako mai daraja ta ɗaya tokarta ba ta wuce kashi 0.7 cikin 100, wato wajen giram 100 a buhu guda. Ta ɓawon gyaɗa na ninka haka sau uku ko fiye, ta kara ta fi muni don tokarta na narkewa da wuri, ga yashin da ke biyo ta daga gona. Murhun Turai don ta katako aka ƙera shi. Wanda zai ba shi ta ɓawo ya kankare kasko kowace safiya, ya tsokane hujojin da ƙusa, ya rage gudun maturi ya ƙara iska. In wuta ta yi ja, tana lilo, gilashi na baƙi da sauri, iska ce ta yi kaɗan.

Mai gyaran kuran: Haka ne, Baba. Kuma ina roƙon mu bambanta magana biyu: murhu ya mutu, da murhu ya kashe kansa. Na farko, wuta ce ta rasa abinci. Na biyu, na'urar tsaro ce ta yanke wa maturi kuran da gangan. Lokacin da abin ya faru shi ke nuna mai laifi.

In bai kama ba cikin kamar minti 15 na farko, a duba abin kunnawa. Muna ce masa buji, amma ba ya tartsatsi, jan zafi yake yi kamar na injin gazuwal. Mai wat 300 a kan bolt 230, in an auna shi da mita bayan an cire filogi, zai ba da wajen om 175. In mita bai motsa ba, ya ƙone. In yana da lafiya, a tabbata kasko ya zauna daidai, hujinsa na kallon bakin bujin. In kuwa wuta ta kama sosai amma ya yanke, ma'aunin zafin hayaƙi ne ya yi kunkunniya ko ya zame daga raminsa, sai allon na'urar da ke sarrafa murhun ya ɗauka ba wuta.

In yana yankewa ba zato, musamman ran da iska ke kaɗawa, matsalar zuƙa ce. Akwai wani ɗan faifai da siririn tiyo na roba ke shiga, yana jin ko fankar hayaƙi na ja. Tiyon na toshewa da toka ko ya tsage. A cire shi daga jikin faifan kafin a busa, in ba haka ba tantanin ciki zai fashe. A gwada igiyar bakin ƙofa mai hana iska shiga: a rufe ƙofar a kan takarda, in ta zare ba gardama, igiyar ta mutu. A share bututun hayaƙi, balle gwiwarsa ta ƙasa.

In sai ya yi awa ɗaya ko biyu yake yankewa, zafi ne ya yi yawa. Ƙurar hunturu da gashin kaji na liƙe wa fankar da ke hura ɗumi cikin ɗaki. A goge fikafikanta, a bar shi ya huce, a danna maɓallin tsaro da ke bayansa.

Mai kiwon kaji: Wasu masu gyara na haɗa wayoyin faifan nan biyu, murhu ya ci gaba da aiki.

Mai gyaran kuran: Don Allah, Hajiya, kada ki yarda a bar miki shi haka. Iskar da ke kashe mai kwana da gawayi a ɗaki ita ce za ta cika ɗakin, ba wari ba launi, ta kashe tsaki ta kashe yaron da ke gadinsu. Haka kuma in ya ƙi kamawa, a juye tsabar da ta taru a kasko kafin a sake kunnawa, don tarin na iya tashi bum ya fasa gilashi. Fetur ko kananzir kada su kusance shi.

Mai saka sola, Sabon Gari: Ku ƙara da ɗaukewar kuran. Yana jan wat 300 zuwa 400 wajen kunnawa, sannan ya sauka wajen 100. In kuran ya ɗauke, fankar hayaƙi ta tsaya, hayaƙi ya dawo ɗaki. A haɗa shi da batir da inbata mai fitar da kuran mai santsi irin na gari, masu araha na sa motocin murhun zafi da ƙugi. Kuma da maɓallinsa ake kashe shi, a bar fanka ta gama, ba da zare filogi ba.

Malamin Hausa: To buji fa, a bar shi ko a ce makunni? Ni makunni ya fi mini, amma kanti buji za a tambaya.

Maƙeri: A bar buji, Malam, baki ya saba. Faifan nan mai tiyo ne bai sami suna ba.

Malamin Hausa: Aikinsa tsare zuƙa. Mai gadin zuƙa, mai yankewa in zafi ya yi yawa kuma mai gadin zafi. Wanda aka ce masa mai gadi ne ya yanke, zai nemi abin da ya gani kafin ya taɓa waya.

Mai kiwon kaji: Na rubuta su a jikin bangon ɗakin tsaki: tsabar wuta, rumbu, maturi, kasko, buji, kashin maƙera, masu gadi biyu. Allah ya saka da alheri.