Ƙanina ya nuna musu ɓarakar shafinsu, yanzu suna maganar 'yan sanda

Yayar Marayu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kwana uku ke nan ban runtsa ba. Ƙanina ne, shekararsa 21. Tun rasuwar Baba ni ke riƙe da shi, ni na biya masa kuɗin jarabawa har sau biyu, da kuɗin adashina na saya masa kwamfuta ta hannu. Ya yi shekara biyu yana koyon gyaran waya a wani shago, mai shagon ya sallame shi ba ko sisi, wannan ma wani labarin ne. Yaro ne ba shaye-shaye ba yawon dare, daga masallaci sai ɗaki.

Autarmu tana wata makarantar kuɗi a nan Kaduna. Na ce ya duba mana sakamakonta a shafinsu. Sai ya lura akwai lamba a ƙarshen adireshin, 412. Ya mayar da ita 413, sai ga sakamakon wata yarinya daban, da hotonta, da lambar babanta, har kwatancen gidansu. Ba kalmar sirri ba komai. A gabana aka yi, ina yanka alayyahu. Ya tura wa makarantar saƙo, shiru har mako biyu. Shekaranjiya suka kira ni wai ya yi musu kutse, ko in kawo shi ranar Litinin ko su kai ƙara. Autar ma sun ce ta zauna a gida. Yaya zan yi?

Ɗan Kawo: Allah ya kawo mafita. Amma Hajiya, daga shiru mako biyu sai maganar 'yan sanda? Me ya faru a tsakani?

Injiniya: Kada ki kai shi ko'ina. Wannan ba kutse ba ne, ƙofa suka bari a buɗe, mai wucewa ya ce musu ku rufe. Kamfanoni irin su Google da Facebook kuɗi suke biyan wanda ya gano musu irin wannan. A 2021 a jihar Misuri ta Amurka wani ɗan jarida ya gano lambobin sirrin malaman makaranta a fili a shafin gwamnati, ya sanar da su kafin ya buga labarin. Gwamna ya tashi haiƙan sai an hukunta shi, a ƙarshe mai gabatar da ƙara ya ƙi shigar da ita. Masu makarantar ne ma a cikin matsala. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, cikin awa 72 idan aka samu ɓaraka mai haɗari. Sun sanar?

Maman Biyu: Ni dai ba na tausaya wa masu taɓa bayanan mutane. Bara ana gobe Sallah aka kira ni, mutumin ya faɗi cikakken sunana da ranar haihuwata, na yarda daga banki ne. Dubu 180 kuɗin ɗinkin mutane suka kwashe. Har yau ina biya. Daga ina ya samu bayanaina in ba irin wannan leƙe-leƙen ba?

Injiniya: Maman Biyu, Allah ya mayar miki da alheri, amma wanda ya cuce ki bai taɓa tura wa kowa saƙo ya ce ku gyara ba. Ɓarawo shiru yake yi.

Yayar Marayu: Ɗan Kawo, ba wani abu ya faru ba. Da suka yi banza da shi ne ya sauke sakamakon yara kamar guda 60 don ya zama hujja, ya sa hoto ɗaya a zauren iyayen yara, kuma ya rufe sunan yarinyar. A saƙo na biyu ya ce zai iya gyara musu a dubu 50. Ai aiki ne, ba kyauta zai yi ba.

Ɗan Kawo: To ai nan gizo ke saƙar. Me ya sa ba ki faɗa tun farko ba? Sashe na 6 na dokar laifukan intanet ta 2015 yana magana a kan shiga ba da izini ba, hukuncin yana kaiwa shekara 5 ko tarar naira miliyan 5. Ganin na farko tsautsayi ne. Guda 60 da neman kuɗi fa? Lauyansu zai ce barazana ce. Ki nemi lauya yau, kada yaron ya ƙara rubuta musu ko harafi ɗaya.

Baban Yara Rigasa: 'Yata, ki bar zancen lauya, kuɗin da ba ki da shi za ki ƙarar. Ki ɗauki kawunku da limamin unguwa ku je a ba su haƙuri, yaro ya goge abin da ya sauke a gabansu. Ni 'ya'yana mata uku ne, in na ji hotonsu da kwatancen gidana yana wayar wani saurayi, a garin nan da ake satar mutane, wallahi ba zan tsaya tambayar niyyarsa ba.

Injiniya: Baba, da girmanka, amma ba da haƙuri amsa laifi ne. Kuma kada ya goge komai kafin lauya ya gani, za su ce ya ɓatar da hujja. Ni na taɓa nuna wa wani wajen aiki irin wannan, watanni huɗu ba su gyara ba, da abin ya fashe ni aka fara tuhuma. Ta rubuta wa NDPC da ngCERT, wato cibiyar gwamnati mai kula da tsaron intanet, ta haɗa da saƙon farko mai kwanan wata.

Yayar Marayu: Baba, ƙanina ba irin yaran nan ba ne, ni na raine shi. Da mugunta yake nufi ai ba zai sa sunansa da lambarsa a saƙon ba. Kuɗin ma ni na ce ya nema, tun da ba shi da aiki. Ya ce shi ba zai durƙusa wa kowa ba, ni kuma jarabawar autar saura mako uku. Har yanzu in ka canja lambar shafin yana buɗewa, ɗazu ma ya nuna min.

Ɗan Kawo: Ɗazu? Hajiya, ki ce har yanzu shiga yake yi?