Jiyodata: ni dai na tsaya a kan "bayanan bigire"

Jama'a, kalmar Turancin nan jiyodata (geodata) ta daɗe tana ba masu fassara wahala. Abin da take nufi shi ne duk wani bayani da aka ɗaure shi da takamaiman wurinsa a doron ƙasa. Yawanci lambobi biyu ne ke yin ɗaurin: nisan wurin daga ikwaita (layin da ya raba duniya arewa da kudu), da nisansa daga layin Girinwic (wanda ya raba ta gabas da yamma) da aka amince da shi a 1884.

Na sha ganin an rubuta "bayanan ƙasa". Ban yarda ba. Bahaushe na jin haka zai ɗauka tarihin wata ƙasa za a karanto masa, ko kuma ƙasar noma ake nufi. "Bayanan muhalli" kuwa masu maganar gurɓatar iska sun riga mu.

Wanda ya fi ja min rai shi ne "bayanan taswira", har na yi amfani da shi a baya. Amma taswira zane ce, bayanan su ne kayan da ake zana ta da su. Ku duba aikin likitan nan John Snow a Landan, lokacin kwalarar 1854. Jerin mamata dama akwai shi a hannun hukuma. Shi sai ya bi kowane mamaci ya haɗa shi da gidan da ya mutu, sai ga mace-macen sun taru a kewayen famfon titin Broad. Wannan haɗin shi ne abin da muke nema wa suna, ko an zana ko ba a zana ba. Hoton da ka ɗauka da waya ma, in GPS na kunne, lambobin inda ka tsaya suna ɓoye a cikinsa, alhali babu taswira ko ɗaya.

Shi ya sa na zaɓi "bigire". Tsohuwar kalmarmu ce, ba ta da cunkoson ma'ana irin na "wuri", wanda ke nufin sammako, ke kuma nufin kuɗin da.

Na san za a ce bigire ɗigo ɗaya ne, ina kogi, ina iyakar gona? To ai a kwamfuta ma kogin jerin ɗigo ne aka sarƙa, gonar kuma jerin da ya zagayo ya haɗe.

Ga ta a bakin aiki: "Turo min bayanan bigiren rijiyoyin nan." "Cire wa hoton bigire kafin ka ɗora shi a Facebook."