Tsutsa na cinye min ganyen girki, amma ba na son korar malam-buɗe-littafi

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Ina da ɗan fili a tsakar gida na raba shi biyu. Gefe guda furanni ne, zinniya da marigol, ɗaya gefen kuma abin da nake tsinka in zan yi girki: kabeji, karas, ɗaɗɗoya, na'a-na'a, da 'yar bishiyar lemun tsami a tukunya. Tunda furannin suka buɗe malam-buɗe-littafi ya cika wurin, yara ba sa gajiya da kallo. To yanzu ganyen kabejin ya zama huji-huji, lemun tsamin ma wata tsutsa ta kusa yi masa ƙwal. An ce in yi feshi, ni kuma ina tsoro, abin da za mu ci ne, kuma ban sani ba ko zai kashe malam-buɗe-littafin. Furannin ma sun fara bushewa, yaya zan yi su daɗe?

Baba Mai Lambu:
Wa alaikumus salam 'yata. Tsutsar da kike son kashewa ai ita ce ɗiyar baƙon da kike murna da zuwansa. Furanni abincin manyan ne kawai, ruwan zaƙin ciki suke zuƙa. In macen za ta yi ƙwai ganye take nema, kuma ba kowane ganye ba. Da ƙafafunta take ɗanɗanawa, in ta ji irin wanda 'ya'yanta ke ci ne sai ta manna ƙwai ta wuce.

Je ki duba ta lemun tsamin da kyau. In ƙarama ce za ki ga baƙi-baƙi da fari, sak kashin tsuntsu, da haka take ɓoye wa masu cin ta. In ta girma sai ta koma koriya, kuma in kika taɓa ta za ta fito da wani abu mai reshe biyu a bayan kanta, da wari mara daɗi. Ba cizo, ba dafi, barazana ce kawai. Wannan ita ce ke zama babban malam-buɗe-littafin nan baƙi mai ɗigon rawaya. Bishiyar da ta yi ƙarfi ba ta damuwa, za ta sake toho. Bishiyarki tunda ƙarama ce, bar tsutsa biyu ko uku, ki kwashe sauran.

Anti Mai Girki:
Ni dai Baba a yi min afuwa, kabejina ba zan raba da kowace tsutsa ba. Ƙanwata, samo raga mai ƙananan idanu ki rufe fangalin, ki ɗaga ta da sanduna kada ta taɓa ganyen, don in ta kwanta a kai ta cikin ragar za su yi ƙwai. Ki danne gefunan da ƙasa ko duwatsu. Amma kafin ki rufe, bi ganyen ɗaya bayan ɗaya ki juya bayansa, ki murje ƙwan da yatsa, ki tsince tsutsotsin har cikin zuciyar kabejin, in ba haka ba kin kulle ɓarawo a ɗaki. Kuma kada ki ɗauko gidan sauro mai magani, maganin ƙwari ne a jikinsa, bai dace da abinci ba.

Baba Mai Lambu:
A kan kabeji ba mu da saɓani, Hajiya. Shi ganye muke ci, ba ya bukatar ƙwaro ya kai masa barbara, rufe shi ba ya rage komai. Yawancin masu huda shi ma 'ya'yan ɗan farin malam-buɗe-littafin nan ne, ko na faɗa-wuta da ke yawo da dare.

Malamar Kimiyya:
Bari in ce wani abu kan feshi, don ana yawan ruɗuwa a nan. Akwai maganin da ake kira Bt, daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa ake yin sa, ana yabonsa saboda ba ya cutar da mutum ko ƙudan zuma. Gaskiya ne, amma irin da ake sayarwa don tsutsa ba ya tantance ta kabeji da ta lemun tsami, duk wadda ta ci ganyen ta mutu. Man darbejiya ma yana hana tsutsa ci da girma. In ya zama dole, kabejin kaɗai za ki fesa, da yamma, lokacin da babu iska, kuma ki bi abin da aka rubuta a jikin kwalbar game da kwanakin jira kafin a ci.

Don ki ga yadda suke zaɓen ganye: malam-buɗe-littafin da ake kira monak, mai ƙaura daga Kanada da Amurka zuwa Meziko, tafiyar da kan kai kilomita 4,000, tsutsarsa ba ta cin komai sai dangin tumfafiya. Inda aka share wannan shuka, duk yawan furanni ba zai hayayyafa ba.

Uwar Biyu:
Ikon Allah! Na je na taɓa ta da tsinke, ga ƙahonnin nan kuwa sun fito. Na gode ƙwarai. Saura maganar furannin.

Yaya Babba:
Wannan mai sauƙi ne. Duk furen da ya yi yaushi ki yanke shi da almakashi tun bai yi iri ba, shukar za ta ci gaba da fitar da sabo. In kika bari ta yi iri, ta ɗauka aikinta ya ƙare. Zinniya da marigol na zango ɗaya ne, dole su mutu, don haka ki riƙa zuba sabon iri duk bayan sati biyu ko uku. Zinniya wajen wata biyu take yi ta buɗe, kafin na farko su gaji na biyu sun taso. A ƙarshen zango sai ki bar 'yan kawuna su bushe ƙayau a jiki, ki adana irin a takarda, ba a leda ba.

In za ki sayi iri, zaɓi mai buɗaɗɗen tsakiya. Masu cunkoson nan ninki-ba-ninki sun fi kyau a ido, amma ruwan zaƙinsu kaɗan ne ko ya ɓuya. Ki shuka su a dunƙule inda rana ke bugawa, don malam-buɗe-littafi sai jikinsa ya ɗumama yake iya tashi. Ki ajiye faranti da jiƙaƙƙen yashi a gefe, mazan kan sauka su tsotsi gishirin ciki.

Anti Mai Girki:
Ƙari kan ɗaɗɗoya: da ta fara fure ganyen zai ragu, ɗanɗanon ma ya canja. Ki riƙa tsinke kan, amma ki bar gindi ɗaya ya yi furensa don baƙin naki. Na'a-na'a kuwa mayar da ita tukunya tun ba ta mamaye fangalin ba. Ganyen da aka huda ba abin zubarwa ba ne, yanke wurin, jiƙa sauran a ruwan gishiri na ɗan lokaci, duk abin da ya ɓuya zai taso, ki ɗauraye ki dafa.

Malamar Kimiyya:
Tunda akwai yara, a kula. In wani ya ba ki lantana don tana jan malam-buɗe-littafi, tana ja ɗin, amma ɗanyun 'ya'yanta guba ne, kuma tana yaɗuwa ta fi ƙarfin mutum. Tumfafiya ma ruwanta na cutar da ido. Ki tsaya kan zinniya da marigol ɗinki, in kina son ƙari ki sa kosmos.