Filayen jifan faifai: kowa ya kawo ukun da ya fi so

Bakanon Tampere

Assalamu alaikum jama'a. Shekaranjiya mun kwashe kusan awa guda muna musu da Direban Minesota a waya kan wane fili ya fi wane, har cajina ya ƙare ba mu daidaita ba. Shi ya sa na ce gara a baje ta a nan kowa ya sa baki. Ga wanda bai san wasan ba: golf ne, amma da faifan roba ake yi, ba ƙwallo ba sanda. Ka tsaya a kan daɓe ka wurga, inda faifan ya faɗi daga nan za ka sake wurgawa, har ya shiga kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi. Wanda jifansa ya fi ƙaranci shi ya ci. Kowane zango muna ce masa rami duk da babu wani rami, gadon golf ne.

Sharaɗi ɗaya ne: filin da ƙafarka ta taka. Ban da wanda ka gani a YouTube.

Nawa ukun. Na farko filin Tampere, a nan Finlan, da ake kira Monster. Na biyu na garin Nokia, wanda ake shimfiɗa tsarin ramukan da ake kira Beast a cikinsa lokacin gasa. A waɗannan biyun aka yi gasar duniya ta 2025, karo na farko da aka fitar da ita daga Arewacin Amurka, kuma ina cikin 'yan kallo, na ga shahararren ɗan wasan nan Gannon Buhr da idona. Na uku wani ɗan fili mai rami 9 a bayan unguwarmu da ba shi da wani suna a duniya. Kyauta ne, kamar akasarin filayen ƙasar nan, ƙaramar hukuma ke kula da shi. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 11 na dare, sai in tashi aiki, in yi zagaye biyu, in dawo gida ba a yi magariba ba.

Direban Minesota

Wa alaikumus salam. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, Bakano. Ka sa fili mai rami 9 a jerin duniya don kawai yana bayan gidanku?

Ni nawa na ɗaya Blue Ribbon Pines ne, a East Bethel, arewa da Minneapolis. Rami 27. Duk wanda ya taɓa zuwa rami na 4 yake fara ba ka labari: ƙafa 444, wajen mita 135 ke nan, layi ɗaya tal tsakanin dogayen bishiyoyi da aka jera hagu da dama kamar sahun salla. Ranar farko na ɗauko faifan nesa na sake shi da dukkan ƙarfina, bishiya ta uku ta dawo mini da shi kusan inda nake tsaye. Jifa 8 na yi. Wani tsoho da muke tare ya ɗauki faifan kusa, ya riƙa lallaɓa shi kaɗan-kaɗan, ya gama da 4, bai ce mini komai ba. Shirun nasa ya fi zagi ciwo. Sau shida na koma kafin na samu 4, kuma wannan ne ma'aunina: filin da ya hana ni barci ina lissafin yadda zan rama, shi ne mai taurari biyar.

Na biyu Flip City a Michigan, na tsaya can da na kai kaya yankin. Mutum ɗaya ne ya gina shi a gonarsa tsawon shekaru, ya jera duwatsu tsibi-tsibi a gefen hanya, kana gani ka san hannun mai so ne ya yi aikin. Na uku ban yanke ba tukuna.

Maman Biyu (Worcester)

Ku duka kuna zagaye-zagaye. Maple Hill a Leicester ta jihar Massachusetts minti ashirin ne daga gidana, kuma ba ni na ce ba, shekara da shekaru yana saman jerin filayen duniya da UDisc ke fitarwa, wato manhajar da 'yan wasa ke ba filaye taurari a cikinta. Gonar bishiyoyin Kirsimeti ce, akwai tafkuna, akwai kurmi, akwai hawa. Rami na 1 ma daga kan tudu za ka wurga ka tsallake ruwa, tun ba ka gama ɗaura takalmi ba zuciyarka ta fara bugawa. Faifaina biyu suna kwance a tafkin nan, laifin hannuna ne.

Amma abin da ya sa na ba shi biyar ba shi ne naku ba. Sun raba filin kala-kala, ja, fari, shuɗi, zinariya, kowa da daidai ƙarfinsa. Ni da 'yan biyuna ja muke bi, babansu ya je ya sha wahalarsa a shuɗi, mu haɗu a mota. Ku maza in kuna ba da taurari ba ku taɓa tambayar ko akwai ban-ɗaki ba, ko benci, ko wurin da mace za ta raɓe ta yi la'asar ba tare da faifan wani ya sauka a kanta ba. Akwai wani fili da ba zan kama suna ba, maza sun cika shi da yabo a manhaja, na kwashi yara muka yi tafiyar awa ɗaya da rabi. Ba ban-ɗaki, ba alamar da ke nuna rami na gaba, ciyawa har gwiwa. Da muka dawo na cire wa Hassana kaska biyu a bayan kunne. Tauraro ɗaya na ba su, shi ma don ba a iya ba da sifili.

Kuɗi ake biya a Maple Hill, kuma sai ka kama lokaci tun kafin ka je. Don haka ba na kullum ba ne, sau uku ko huɗu a shekara.

Bakanon Tampere

Hajiya, maganar ban-ɗaki gaskiyarki ce, ban taɓa sa ta a lissafi ba. A nan Finlan suna da wani tsari da ya rage irin wannan wahalar. Kowane fili ana ba shi harafi da lamba. Harafin, daga AAA zuwa ƙasa, yana gaya maka yawan ramuka da tsawonsu, lambar kuma daga 1 zuwa 3 tana gaya maka tudu ne ko shimfiɗe. Ba ya cewa fili ya yi kyau ko bai yi ba, yana dai gaya maka abin da za ka tarar. In ka ga AAA1 ka ɗauki yara, kai ka jawo wa kanka.

Kawu na Kalifoniya

Yara, ku bari tsoho ya yi magana. Ni na fara wasan nan likita ne ya ce in riƙa tafiya saboda sukari, kuma tafiya haka kawai ba dalili tana gundurata. Maƙwabcina ya ba ni faifai ɗaya, yau shekara goma sha ɗaya.

Na ɗaya a wurina Oak Grove ne, a gefen Pasadena. Na san in aka bi taurarin manhaja ba zai shiga sahun su Maple Hill ba. To amma nan ne filin dindindin na farko, tun 1975, kuma Ed Headrick ne ya tsara shi, mutumin da ya ƙirƙiro kwandon sarƙar da duk kuke jin daɗin ƙararsa, ya kuma kafa ƙungiyar 'yan wasan nan, PDGA, a 1976. Da farko ma sanduna ake jifa, kwando daga baya ya zo. Da ya rasu a 2002 aka ƙona gawarsa aka zuba tokar cikin robar wasu faya-fayai, bisa wasiyyarsa. Allah Ya raba mu da irin wannan, amma dai ka ga inda so ya kai mutum. In na tsaya ƙarƙashin tsofaffin bishiyoyin wurin ina jin kamar na kai gaisuwa gidan kaka. Ba a auna gidan kaka da fenti.

Na biyu DeLaveaga a Santa Cruz. Ɗana ya kai ni. Akwai ramin da suke kira Top of the World, ka hau can ƙololuwa, teku na hango ka kana hango ta, ka saki faifai ya yi ta shawagi kamar shirwa har ka manta naka ne. Wannan jifa ɗaya ta biya kuɗin man mota. Sai dai ƙasar wurin tauri gare ta, ga saiwoyi, ga gangara. Ka ajiye faifai taku uku daga kwando, ya tashi a kan gefensa ya gangara kwari kana kallo, ba abin da za ka yi sai salati. Matasa suna cewa daɗin ke nan. Gwiwoyina sun ce a'a, kwana uku ina shafa man zafi. Da ina shekara talatin da shi ne na ɗaya.

Direban Minesota

Kawu, Allah Ya ƙara lafiya. Amma in tarihi ne ma'auni ai an gama musu tun kafin a fara.

Kawu na Kalifoniya

Kai da bishiya ta uku ta mayar wa faifai, yi shiru.

Ɗan Maraɗi a Oslo

Sallama gare ku. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Krokhol yana kudu maso gabas da Oslo, kuma shi ne ke kokawa da filin Hajiya a saman jerin UDisc, har ya taɓa karɓe na ɗaya. Na je sau biyar. Kurmi ne na gaske, duwatsu, gansakuka, hawa da sauka, kowane rami an share masa hanya kamar da reza. Ban ga abin kushewa ba, biyar na ba shi.

Amma ga abin da na lura. A zuwana na uku na haɗu da wasu mutum huɗu da suka taso daga Jamus musamman don filin. Ruwan sama aka wuni ana yi, ɗayansu ya zame ya ɓata wando, ɗaya ya ɓatar da faifai biyu. Muna isowa wurin ajiye motoci duk suka ciro waya suka danna biyar-biyar. Na ce a raina, wanda ya biya kuɗin jirgi da masauki ai ba zai koma gida ya ce uku ba, ko don kada matarsa ta yi masa dariya. Filin da ya yi suna, masu zuwa sun riga sun ba shi biyar tun a gida. Shi kuwa ƙaramin filin unguwa, masu ba shi maki su ne waɗanda suka san duk inda ruwa ke kwanciya da kwandon da ya karkace, don haka ba sa yi masa sassauci. Ni yanzu in zan je sabon wuri ba na kallon taurari, ina gangarawa in karanta abin da masu ba da uku suka rubuta. Su ne ke faɗin gaskiyar laka da sauro.

Na biyu a wurina Järva ne a Stockholm, na je tun kafin a rage shi saboda maƙabartar da birnin ya tsara a wurin. Na uku, ku yi haƙuri, shi ma na bayan gida ne irin na Bakano.

Autan Zaure

Yayyena ni wata huɗu ke nan da farawa, a Kansas nake karatu. Fili biyu kawai na sani, don haka ba ni da uku. An kai mu Emporia, garin da kamfanin Dynamic Discs yake, wai nan ma cibiya ce. Ni dai iska na gani. Na wurga gaba, faifan ya ɗaga sama ya wuce ta kaina ya sauka a bayana. Tauraro nawa ake ba iska? Kuma don Allah faifai nawa ya kamata in saya, na ga mutane da jaka kamar masu tafiya Hajji.

Maman Biyu (Worcester)

Auta, uku sun ishe ka: na kusa, na tsakiya, da na nesa marar nauyi sosai. Ka bar na nesan a jaka sai hannunka ya faɗa. Kuma ka rubuta sunanka da lambarka a bayan kowanne, masu tsinta suna kira. Jakar Hajji kuwa, babansu yana da ita, faifai ashirin, huɗu yake jifa.

Direban Minesota

To na yanke na ukuna, kuma kada Bakano ya yi mini dariya. Wani fili ne a gefen babbar hanya, kusa da inda muke ajiye manyan motoci, rami 9, daɓensa ma duk ya tsattsage. A manhaja bai kai uku da rabi ba. Lokacin sanyi nakan manna wa faifai ɗan dogon zare da salatif don in ya nutse a dusar ƙanƙara in ga jelarsa. A nan na taɓa jefa kwando da jifa ɗaya, rami na 6, ba kowa a wurin sai ni da wani kare. Na yi kabbara har karen ya gudu. Ba shaida, shi ya sa ban taɓa faɗa muku ba.

Bakanon Tampere

Ba shaida, ba a rubutawa. Amma na karɓi tubanka.

Maman Biyu (Worcester)

Direba, in kaya sun kawo ka ta wajenmu kafin sanyi ya shigo ka faɗa da wuri a kama mana lokaci, babansu zai raka ka shuɗi. Ka zo da faifanka na tsallake ruwa, ba na ba da aron nawa a rami na 1.