Mahaifina ya gama maganin tarin fuka amma haki bai rabu da shi ba: wane likita za mu gani?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Mahaifina ya kammala shan maganin tarin fuka na wata 6, an gwada kakinsa an ce babu sauran ƙwayar cutar, amma har yanzu da ya yi 'yar tafiya sai haki ya kama shi, da asuba kuma tari ya hana shi sakat. Ya daɗe yana shan sigari kafin ya daina. Ta yaya ake samun ƙwararren likitan huhu, kuma me ya kamata mu riƙe idan za mu je?

Ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Likitocin huhu ba su da yawa, galibinsu a manyan asibitoci da asibitocin koyarwa suke, a sashen da ake duba masu ciwon ƙirji. Ku koma inda ya karɓi magani ku nemi takardar turawa, domin ita ce za ta rage muku yawo. Ku tafi da katinsa, da kwalayen duk magungunan da yake sha, da hotunan ƙirjinsa na farko da na baya-bayan nan, saboda likita ya fi ƙaruwa da jera tsohon hoto kusa da sabo fiye da duban guda ɗaya.

Ɗalibin likitanci:
Ɗan'uwa, mutuwar ƙwayar cuta daban, komawar huhu yadda yake a da daban. Tarin fuka yakan bar tabo, wani lokaci ya bar hanyoyin iska a buɗe fiye da kima, majina ta riƙa taruwa a ciki. Shi kuwa hayaƙin sigari, da na itace ko gawayi ga wanda ya daɗe yana shaƙa, yana haddasa toshewar hanyoyin numfashi ta dindindin da ake kira COPD, wadda mutane da dama suke ɗauka asma ce. Abin da ke taimakawa wajen bambance su shi ne gwajin sifirometiri: za a ba shi bututu ya cika ƙirjinsa da iska ya hura iya ƙarfinsa, a ba shi maganin shaƙa, a jira kamar minti 15, sannan ya sake hurawa. Mai asma yakan samu buɗewa sosai a hurawa ta biyu, mai COPD kuwa toshewar ba ta gushewa gaba ɗaya. A ganina, kafin ku karɓi ranar ganin likita ku tambaya ko asibitin yana da wannan na'ura. Ku kuma roƙi a duba zuciyarsa, don raunin zuciya ma yana kawo haki, musamman idan ƙafafu suna kumbura.

Mai jinyar uwa:
Malam, akwai alamun da ba a jiran ranar asibiti a kansu: tarin jini, ko leɓɓa su yi shuɗi, ko haki ya hana shi ƙarasa magana. Wannan sai sashen gaggawa nan take. Idan kuma zazzaɓi da gumin dare da rama suka dawo, a sake gwada kakin, domin tarin fuka yana iya komowa. In an rubuta masa inhela, kada ku fito sai ya shaƙa a gaban likita an gyara masa, saboda da yawa a baki suke fesa maganin, bai kai huhu ba.